Ranar Uku da Ƙaurace wa Kanti

Layin biya a babban kanti. Mata biyu a gabana, kowacce da takunkumi da baƙin tabarau.

"Baiwar Allah, na ji kina waya da yarenmu. Ba kantin nan muka ƙaurace wa ba, don jakunkunanmu kaɗai suke cajewa?"

"Shi ne, Anti. A guruf an ce mu ne ƙarfin kasuwa, in muka janye sati biyu sai sun durƙusa."

"To me ya kawo ki?"

"An yi ragin man girki. Ke fa?"

"Nazari na zo yi."

"Da jarka uku?"

"Don Allah kar ki faɗa a guruf."

"In faɗa wa wa? Ni na rubuta sanarwar."

Na gyara takunkumina, na tura tawa jarkar bayan ƙafata.