Robar Tubu da Na Kwance Daga Ƙuguna

Mai girma shugaban taro Alhaji Zakariyya'u, Malam Liman da Baba Fasto, Sista Grace da ta zo mana daga asibiti, iyayenmu mata, da 'yan'uwana masu lodin buhuna a Gonin Gora, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Ni Tagwai ina godiya da kuka ba ni wannan dama.

Magana ta farko, ciwon ƙaba ya yi mana yawa, kuma kowa ya san dabararmu: mutum ya kwanta a bayan tirela, ya tura kumburin ciki da hannu, ya ɗaure da robar tubu, ya koma ɗaukar buhu. Ni na koya wa abokina Bitrus wannan ɗauri. Da likita ya ce za a yi masa aiki a sa raga a toshe inda naman ya buɗe, ni na hana shi, na ce wai tsatsa take yi a jiki, wai tana kashe mazakuta. A teburin mai shayi na tsinci zancen, na miƙa masa kamar ilimi.

Magana ta biyu, wata Laraba da rana tsaka muna lodin masara a Kakau, kumburin Bitrus ya fito ya ƙi komawa. Ya yi tauri kamar ɗanyar gwaba, amai ya biyo baya. Bitrus ya kama rigata ya ce, "Tagwai, tura mini, kai ka iya." Na tura, jama'a, na yi ta turawa har la'asar. Kafin mu kai shi asibiti hanjin ya riga ya ruɓe, bayan kwana biyu ya rasu. Ga matarsa Deborah can zaune, har yau na kasa haɗa ido da ita.

Magana ta uku, Sista ta ɗora mini ragar nan a tafin hannu. Ashe ba ƙarfe ba ce, saƙar zare ce mai laushi, nama ke bin ta ya riƙe. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce kowane aiki da haɗarinsa. Ranar Talata za a yi mini nawa, domin ni ma shekara huɗu ke nan ina ɗauri. Tsoro nake ji, tsoron allura, tsoron wuƙa, tsoron in yi barci in kasa farkawa. Amma na fi tsoron ranar da zan kama rigar ɗayanku in ce ya tura mini.

Ga robata na kwance, na ajiye a gaban shugaba. Mai irinta a ƙugu ya san kansa.

Allah ya jiƙan Bitrus, ya sanyaya zuciyar Deborah, ya sa albarka a hannun likita, ya mai da kowa gida lafiya. Ranar Talata ku tuna da ni a masallaci da coci. Na gode.