Sanyi Sai Ƙofar Surukai

Jajiberin Sallah, a wurin cajin motocin lantarki na hanyar Jakarta zuwa garin Semarang, wani matashi da wani dattijo suna jiran layi.

"Pak, wannan gumi haka, ga azumi? Motar taka ba esi ne?" in ji matashin, yana kiransa Pak, wato Baba.

"Da shi mana," dattijon ya ce yana fifita da hularsa. "Tun Jakarta na kashe shi, cin batir gare shi."

"Batirin saura nawa?"

"Ya fi rabi."

"Ya fi rabi ka zo ka tare mana layi?"

"Mas, ɗan samari, ƙauyen surukaina za ni. Wutar gidansu ko tukunyar shinkafa da dutsen guga aka jona tare sai ta ɗauke, balle mota."

"Uwargida ta yarda da wannan gashin?"

"Tun garin Cirebon ta daina kula ni. Amma da mun hango masallacin ƙauyen zan ɗaga gilasai in kunna, duk wanda ya buɗe ƙofa sanyi ya mare shi. Kai naka saura nawa?"

Matashin ya share gumin wuyansa.

"Ya ɗan fi naka. Amma ni surukaina a kan tudu suke."