Ɓeraye Arba'in da Hannun da Ya Auna Su

Mai girma shugaban taro, shugabar sashenmu, 'yan kwamitin jarrabawa da ke sahun gaba, 'yan'uwana malamai, iyayen da suka baro ayyukansu, da ku ɗalibai, har da na can baya da kujera ba ta kai gare su ba: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka sake ba ni wannan dama. Bara a ɗakin nan na tsaya da albishir, kuka yi ta tafi. Bana na zo a gajiye, kuma na zo ne in janye albishir ɗin.

Da farko, domin iyayenmu, bari in faɗi abin da muke bincike a kai. Ƙoda tana fitar da wani sinadari mai suna renin, wanda ke ɗaga bugun jini idan jiki ya buƙata. Kafin ya nuna, sunansa furorenin, yana yawo cikin jini ba ya aikin komai. Amma a jikin ƙwayoyin ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi. Da furorenin ya zauna a kai sai ya farka. Gurbin nan muke kira makarɓar furorenin. Idan aikinta ya yi yawa, ana zargin ta da hannu a hawan jini da lalacewar ƙoda. Idan aka cire ta ɗungurungum, ƙwayar takan kasa narkar da sharar cikinta, ta mutu. Yawanta cuta ne, rashinta ma cuta ne.

Na biyu, labarin ɗalibata, wadda kuke kira Uwar Ɓeraye. Ta ɗauki ɓeraye arba'in masu hawan jini. Ashirin ta ba su maganin da muke fatan zai toshe makarɓar, ashirin ruwan gishiri kawai. A wutsiya ake auna jinin ɓera, da ɗan zobe mai matsewa. Na masu shan magani ya sauka. Albishir ɗin bara ke nan.

Wata rana Baba, mai kula da ɗakin dabbobinmu, yana wanke keji ya ce mata, "'Yar nan, ɓerayenki sun fi 'ya'yana jin magana. Nawa ɓerayen kuwa, da sun hango hannuna sai cizo."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Saboda yawan aiki sun raba awon: ita ke auna masu magani, Baba ke auna masu ruwan gishiri. Nata sun saba da hannunta, tana shafa su, tana yi musu hira. Na Baba a tsorace ake auna su, kuma ɓeran da ya tsorata jininsa hawa yake yi.

Ta same ni a ofis, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ina jin ba maganin ba ne. Hannuna ne."

Ku ji abin da malaminku ya ce, kuma da kunya nake faɗa. Na ce, "Ban da ke, wa ya sani?"

Ta ce, "Ni ɗin ban isa ba, Malam?"

Aka sake aikin daga tushe. Baba ya liƙe takardun keji, ita kaɗai ta auna duka ba tare da sanin wane ne wane ba. Wata takwas. Wata takwas na warin keji, na cizo a yatsa, na barin yara biyu wurin kakarsu. Da aka ɓare takardun, babu bambanci ko kaɗan.

Mahaifinta yana nan zaune. Kullum da safe idan zai haɗiyi ƙwayar hawan jini sai ya ce, "Likita, yaushe za ki sallame ni?" Ran da ta gaya masa gaskiya, sai ya ce, "To, ki gaida mini ɓerayen. A ba ni ruwa in sha abata."

Na uku, kuma shi ya tsayar da ni a nan. Da an tashi daga taron nan kwamiti zai zauna a kan kundinta. Na ji ana cewa kundin da bai gano komai ba, ba kundi ba ne, ta koma ta ɗauki sabon aiki na shekara uku. Ba ta da shekara uku. Hutun karatun da wurin aikinta ya ba ta zai ƙare a watan gobe. Ranku ya daɗe, ta gano abu. Ta gano cewa maganin nan, a yadda muka ba da shi, ba ya sauke jini, kuma ta hana a kai shi ga marar lafiya bisa awon da bai inganta ba. Ni na amince da raba awon, ni na sa hannu. Idan akwai wanda za a mayar baya, ga ni.

Ku duba can baya. Ɗaliban nan suna jira su ga abin da ake yi wa wanda ya tona kuskurensa da kansa. Abin da kuka yanke yau, shi za su yi aiki da shi duk ranar da awonsu ya ƙi ba su abin da suke so.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba kwamiti ikon yin adalci, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni.