Inci Huɗu a Cikin Ɗinki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, wanda ya yi haƙurin zama tun safe. Babbar likitarmu, wadda ta san jininmu fiye da yadda muka san shi. Malamar da ke tsara mana abinci, ko in ce wadda ke raba mu da shi. Ma'aikatan jinya, musamman baiwar Allahn nan da muke kira Anti Sikeli a bayan idonta, yau dai ta ji da kunnenta. 'Yan'uwana masu ciwon suga, tsofaffin shiga da sababbi. Matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu, waɗanda suka sha faɗan da yunwa ta sa mu yi. Jama'a maza da mata, ina yi muku sannu da zama a kan waɗannan kujerun roba.

Yabon gwani ya zama dole. Muna godiya ga asibitin nan da ya karɓe mu, muna godiya ga waɗanda suka auna mu, suka tsira mana allura a yatsa, suka jure baƙar maganarmu ba su rama ba. An ce in yi magana a madadin waɗanda suka cika shekara ciwonsu na kwance. Ni tela ne, ba gwanin jawabi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, a gajiye nake. Abu uku zan faɗa in sauka.

Na farko na sababbin shiga ne, don kada su ce ba a gaya musu ba. Shirin nan na rage ƙiba mako goma sha biyu ne. Ƙunshi huɗu a rana na garin da ake damawa da ruwa, kalori ɗari takwas ke nan, ba shinkafa, ba burodi, ba nama. Ranar farko likita za ta duba magungunanka ta tsayar da wanda za ta tsayar, shi ya sa ba abu ne da mutum zai ƙulle ɗaki ya yi da ka ba. Makon farko kai zai yi ciwo. Za ka ji sanyi mutane suna fifita. Bayan gida zai yi maka yaji. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan lokacin cin abinci, ana ta ƙarar cokula, kai kana riƙe da kofi kamar wanda aka yi wa horo. Maiɗakina ta daina soya albasa sai na fita. Wata rana 'yata ta dube ni ta ce, "Baba, ko mu ma mu koma shan garin ne, ka daina hararar faranti?"

Abin da ya zaunar da ni shi ne idona. Na kai sai na yi ta lalube kafin zare ya shiga allura, tela kuwa in ido ya tafi, shago ya tafi. Na sauke kilo goma sha biyar. Yau shekara guda ban haɗiyi ƙwayar maganin suga ba, alhamdu lillahi. Sai dai ranar da likita ta ba ni sakamako ta ce, "Malam, ya lafa ne, bai warke ba." Na ji ta, amma farin ciki bai bar maganar ta zauna ba.

Na biyu shi ne abin da tela ya sani wanda sikeli bai sani ba. Da muka fara zubewa, 'yan ƙungiyar nan suka riƙa kawo mini kayansu in rage. Mutum ashirin da uku na rage wa kaya. Ina da ɗabi'a tun ina koyon aiki: in zan rage ƙugu ba na yanke yadin, ninke shi nake yi in bar shi a cikin ɗinki, inci uku ko huɗu. Ba mugun fata ba ne. Shekara talatin ina zagaya cikin mutane da tef, na ga yadda yake tafiya, na ga yadda yake dawowa.

To, jama'a, cikin ashirin da ukun nan, tara sun dawo mini in buɗe. Sai sun leƙo sun ga ba kowa a shago sannan su shigo. Wani ya ce wanki ne ya tsuke masa wando. Wani ya ce na ƙaninsa ne, alhali ga allina a jiki. Ni kuwa in ce, "Haka ne, yadin yanzu ba shi da amana," in farke, in buɗe, mu rabu ba wanda ya kalli idon wani. Ba zan kama suna ba. Amma na duba ɗakin nan tun ɗazu, ko ɗaya daga cikinsu bai zo ba. Sikelin Anti masu zuwa kawai yake aunawa.

Kada wanda ya ce ragwanci ne. Mako goma sha biyu yana da ƙarshe, kana ƙirga shi a kalanda, ana buga maka waya, ana tafa maka. Bayan nan sai a mayar maka da faranti, sau uku a rana har iyakar ranka, kuma ba mai tafi. A nan ne mutum yake gajiya. Ni ma da kuke gani tsaye, inci ɗaya na buɗe wa kaina watan jiya.

Na uku, shi ne ya fi yi mini nauyi. Duk wanda ya shigo ta ƙofar can ya wuce hoton wani mutum yana dariya, ya ja tsohon wandonsa gaba, har mutum biyu za su shiga. Autanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban bas ne. Bara a nan ya tsaya, a gaban wannan lasifika, ya yi jawabin da ya fi nawa daɗi, don shi kilo ashirin da biyu ya sauke.

Da ya kawo mini wandunan aikinsa, ya tsaya a kaina ina ninke yadi. Ya ce, "Yaya, yanke shi."

Na ce, "Auta, bar shi a ciki, ai ba ya cin abinci."

Ya ce, "Wato kana yi mini fatan in koma ke nan?"

Maganar ta soke ni. Na ɗauki almakashi na yanke, karo na farko a shekara talatin.

Daga baya aka canza masa lokacin aiki. Ya zama sai a tasha yake cin abinci, minti goma, a tsaye, abin da hannu ya samu: burodi da lemon kwalba. Bayan wata takwas ya shigo shago da leda, ya ajiye a kan tebur. Na buɗe na ga wandunan. Shi ya san ba abin buɗewa a ciki, ni ma na sani. Ya ɗan tsaya yana wasa da makullin mota, ya ce fasinjoji suna jiransa, ya fita.

Ranar awonsa ta zo bai zo ba, ta biyu ma haka. Na ce, "Auta, asibiti fa?" Ya ce, "Yaya, da wane ido zan wuce hotona?" Ku lura, tun da aka tsayar masa da magani bai koma shan sa ba, domin ba wanda ya sake auna jininsa balle ya rubuta masa. Makon jiya matarsa ta same ni tana kuka, ta ce akwai miki a babban yatsan ƙafarsa ta dama, mako shida bai rufe ba, kuma shi ba ya ma jin zafinsa. Da ƙafar nan yake taka birki. Da ita yake ciyar da yara biyar.

Saboda haka ina roƙo, ya shugaban taro, ina roƙo, ya likita. A sauke hoton nan, mai shi ya gaji da ɗaukarsa. A ware rana ɗaya a wata ta waɗanda suka koma, su shigo ba tare da an tambaye su ina alkawari ba. A mayar da sikeli cikin ɗaki, a daina kiran lamba a baranda kowa yana ji. Ku bar wa mutane inci huɗu, kamar yadda tela yake bari.

Auta ne ya kawo ni yau. Yana waje wurin ajiye motoci, ya ce zai jira ni. Na ce masa maganar garin da muke damawa kawai zan yi, ga shi na tona shi a gaban jama'a, kuma na san zai yi fushi da ni. To, ya yi ta yi. Fushinsa zan iya ɗauka, amma ba zan iya rage masa ƙafar wando ɗaya ba.

Ƙyallayen da na yanke ban yar da su ba, suna cikin aljihun tebur duk wannan lokaci. Jiya na zauna na mayar da su. Ɗinkin zai nuna, amma wando zai shiga. Ga shi a ledar nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda nasa ya lafa, Allah Ya sa ya ɗore. Wanda nasa ya tashi, Allah Ya cire masa kunyar dawowa. Allah Ya saka wa masu kula da mu da alheri, Ya ba iyalanmu ladan haƙuri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yanzu zan fita in kira shi. Likita, don Allah kada ki tashi, akwai ƙafar da za ki duba. In kun ga mun shigo mu biyu, kada wanda ya tafa, kada wanda ya waiwaya. Na kusa da ƙofa ya matsa kawai ya bar kujera.

Na gode.