Mita Biyun da Aka Zaftare wa Dutsenmu

A ɗakin jiran mota, wani tsohon ɗan jagoran masu hawan dutse ya leƙa taswirar da matar kusa da shi ta baje a cinya. Nan take ya murtuke fuska.

"'Yata, wa ya zaftare wa dutsenmu tsawo?"

"Mu ne, Baba, masu safiyo, masu awon ƙasa. Masu awon farko daga nesa suka auna, mu kuwa har ƙololuwa muka kai na'ura. Dutsen ƙetaren kogi ya ɗara naku da mita biyu."

"Ashe ke kika kwashe mini baƙi! Shekara talatin ina kai mutane can. Yanzu kowa sai ya ce mafi tsawo yake so."

"Awo ba ya ƙarya, Baba."

Direba ya kira fasinja. Ta kai hannu ta taya shi ɗaukar buhunsa, buhu ya ce bai san zancen ba.

"Kai, Baba! Me ke ciki?"

"Duwatsu. Kullum uku nake haurawa da su ƙololuwa. Ki dawo baɗi."

"Ai tuli ba ya shiga awo."

Ya saɓa buhun, ko nishi bai yi ba.

"Na'urar taki ta san wanda Allah ya ɗora da wanda na ɗora?"