Ranar da Na Daina Zuwa Tasha

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu ta Zongon Lome, mai wake da shinkafa. Ban yi boko ba, matar fasto ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye biro.

Mijina ya rasu ya bar ni da ɗa guda, Dauda. Da ya girma ya shiga soja, aka tura su arewa, bakin iyaka, inda ake fama da 'yan bindiga. In ya bugo waya, tambayata ɗaya ce: "Ka ci abinci?" Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, soja ne fa ni, ba jariri ba."

Wata safiya aka zo da mota aka kai ni bariki. Aka busa ƙaho, wani babban soja ya yi dogon jawabi da Faransanci, aka ɗora mini tuta da lambar yabo a hannu. Aka ce ɗana jarumi ne. Amma akwatin a rufe yake. Na roƙa su bar ni in ga ko yatsan ƙafarsa, suka ce ba zai yiwu ba.

Sai na ce a raina, ba shi ba ne.

Shekara biyu na yi a haka. Na bar sana'a. Kullum sai in zuba abincinsa a kwano in rufe, in hau babur zuwa tashar motocin arewa, in zauna ina duba fuskar duk mai sauka. Lambar kuwa na jefa ta cikin tsohuwar tukunya. Matan zumunta suka zo gaisuwa, na ce musu, "Wa ya mutu?" Sujada ma na daina zuwa, don kada in ji an ambaci sunansa cikin waɗanda suka huta. Na rame, har maƙwabta suka fara cewa na taɓu.

Ran nan motar ƙarshe ta sauke mutane, kowa ya sami mai tarbarsa, aka bar ni ni kaɗai a kan benci. Na ce, "Yesu, na gaji! In yana raye, kawo shi. In yana wurinka, aiko mini wanda ya gani da idonsa."

Ba a yi mako ba, wani mutum mai dogara sanda ya yi sallama a ƙofata. Ya ce sunansa Sani, ɗan wani limami ne a unguwar Cacavéli, tare suka yi soja da Dauda.

"Inna, sau uku ina zuwa bakin layin nan ina komawa. Kunya ta hana ni, don ni na rayu."

Ya ce an harbe shi a cinya, motarsu tana cin wuta. Dauda ya goya shi har bayan wani dutse, ya koma ya ɗauko na biyu. Da ya koma ɗauko na uku, shi ma harsashi ya same shi, ya rarrafo wurinsu.

"A cinyata ya cika, Inna. Ya ce, in ka je Lome, ka gaya wa Inna na ci abinci."

Wayyo Allah! Ba wanda ya san maganar nan sai ni da ɗana. A ranar na yi kukan da na ƙi yi a bariki. Da na natsu, na ɗauko kwanon da na rufe, na tura gaban Sani na ce, "Ci, ɗana." Ya ci yana hawaye.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ɗakina har yau shiru ne, kuma ina kuka. Amma na san inda Dauda yake. Na daina zuwa tasha, na sake hura wutar sana'ata. Lahadin da ya wuce na wanke lambar, na maƙala a rigata, na zo sujada.

Na gode wa Yesu, halleluya! Wanda duk yake zaune a wani benci yana jira kamar yadda na yi, ya gaya wa Ubangiji ya gaji. Yana ji. Amin.