Silifas Mai Yanka Uku

Dattijo Sarmidi yana zaune a bencin jira na wani ƙaramin asibiti a Kudus, sai wani magidanci ya ɗingiso ya zauna kusa da shi.

"Baba, kai ma tusar jakin ce a tafin ƙafa?"

"Ita ce. Tafarnuwa, ɓawon ayaba, ba abin da ban ɗaura ba. Ga Hajji saura wata guda, ga ɗawafi ba takalmi. Yau dai likita zai ƙone ta. Kai ina ka kwaso taka?"

"Wallahi haka kawai ta fito min, tun bayan azumi."

Sarmidi ya dubi silifas ɗin mutumin, ya ga yanka uku a dunduniya.

"A masallacin kasuwa kake Juma'a?"

"Nan nake."

"Waɗannan fa, ina ka saya?"

"Ai... nawa aka ɗauke, na zura waɗanda na tarar. Kowa ma haka yake yi, Baba."

"Ni ban yi ba. Ranar ba takalmi na taka har gida. Yankan nan da wuƙata na yi shi."

Mutumin ya sunkuya zai cire.

"A'a, bar su, ɗana. Tunda ka ɗauka har da abin da ke ciki, ai naka ne."